Kuɗin Ƙungiya a Takardar Albashi: Shaidar Tsofaffin Ma'aikata Biyu

Mu biyu muka haɗa wannan shaida, kuma dukkanmu mun ajiye aikin gwamnati bayan cika shekara 35. Ɗaya a sashen albashi ya tsufa, ɗaya kuma ya daɗe yana riƙe da littafin reshen ƙungiyar ƙwadago. Ba mu cika yarda da juna ba, amma tambaya ɗaya ce yaran da suka gaje mu ke kawo mana: "Baba, wannan kuɗin ƙungiya da ake yanka mini duk wata, dole ne? In fita ko in zauna?"

Mafi yawan masu wannan tambaya ba su taɓa cike takardar shiga ƙungiya ba. Sun kama aiki, albashin farko ya shigo, sai suka tarar an riga an yanka. Wannan ba kuskuren akanta ba ne, haka doka ta tsara, kuma daga nan ya kamata ka fara fahimtar matsayinka.

Sashe na 40 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba kowa 'yancin shiga ƙungiya don kare muradunsa. A 2005, zamanin Obasanjo, bayan yaje-yajen aikin da ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC, ta yi ta kira a kan farashin man fetur ƙarƙashin shugabanta na lokacin, Adams Oshiomhole, an yi wa Dokar Ƙungiyoyin Ƙwadago gyara. Gyaran ya ce zama ɗan ƙungiya ganin dama ne, ba a tilasta wa ma'aikaci shiga, ba a kuma muzguna masa don ya ƙi shiga ko ya ƙi ci gaba da zama. Shi ne kuma gyaran da ya karya kakagidan NLC a matsayin uwar ƙungiya tilo, har wata uwar ƙungiyar, TUC, ta samu rajista. To amma sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya raba ma'aikata gida biyu wajen yankan kuɗi. Ƙaramin ma'aikaci ana ɗaukarsa ɗan ƙungiya tun daga ranar da ya kama aiki, kuma za a ci gaba da yanka masa har sai ya rubuta da hannunsa cewa ya fita. Babban ma'aikaci kuwa akasin haka ne, ba a taɓa albashinsa don ƙungiyar manyan ma'aikata sai ya rubuta cewa ya amince. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ta sha tabbatar da wannan bambanci a hukunce-hukuncenta. Wato shirun ƙaramin ma'aikaci "e" ne, shirun babban ma'aikaci kuwa "a'a" ne, aƙalla a takarda. A ofis, sau da yawa kwamfutar albashi ba ta san wannan bambanci ba, duk wanda aka shigar da sunansa a ma'aikata sai ta liƙa masa lambar ƙungiya.

Akwai waɗanda maganar ba ta shafe su ba sam: soja, ɗan sanda, kwastan, jami'in shige da fice da gandiroba, doka ta hana su kafa ƙungiyar ƙwadago ko shiga cikinta.

Sauran ma'aikata kuma ba kowace ƙungiya suka ga dama za su shiga ba, kowace tana da hurumin da doka ta yanka mata. A ma'aikatun gwamnati, mataki na 01 zuwa 06 na NCSU ne, ƙungiyar ƙananan ma'aikata, daga mataki na 07 zuwa sama na ASCSN, ƙungiyar manyan ma'aikata. Ma'aikacin ƙaramar hukuma na NULGE ne, malamin firamare na NUT, ma'aikacin lafiya na MHWUN, nas da ungozoma na NANNM. A jami'a akwai ASUU ta malamai, sannan SSANU da NASU da NAAT na waɗanda ba sa koyarwa. Don haka mai cewa "zan bar wannan in koma waccan" ya fara bincika ko waccan tana da hurumin karɓarsa. Inda ake samun zaɓi na gaske shi ne inda ƙungiya ta dare gida biyu, kamar yadda gwamnatin tarayya ta yi wa CONUA, wata sabuwar ƙungiyar malaman jami'a, rajista a watan Oktoban 2022 ana tsakiyar rikici da ASUU, ko taƙaddamar da aka daɗe ana yi tsakanin NUT da ASUSS, ƙungiyar malaman sakandare, a kan wadda ke da hurumin waɗannan malamai.

Kafin ka yanke komai, nemi takardar albashinka ta wata uku a jere ka zauna da biro. Mutane da yawa suna ɗora wa ƙungiya laifin yankan da ba nata ba. Kashi 8 cikin 100 na fansho, a inda ake bin dokar fansho ta 2014, ba na ƙungiya ba ne. Kashi 2.5 na asusun gidaje na ƙasa ba nata ba ne. Haraji ba nata ba ne, haka gudummawar inshorar lafiya. Kuɗin kofaretib da bashin da ka ci a can, ko da shugabannin ƙungiya ne ke tafiyar da shi, asusu ne dabam mai rajista dabam. Idan ka tsame waɗannan, abin da ya rage da sunan ƙungiya shi za ka auna, kuma shi ma yakan zo layi biyu ko uku: kuɗin wata na ainihi, da kuɗin walwala ko na rasuwa, da wani tarin kuɗi na musamman, misali na gina sakatariya. Na farkon tsarin mulkin ƙungiya ne ya ƙayyade shi. Sauran kuwa sai an kawo su gaban taro an amince, kuma tarin kuɗi na musamman ya kamata ya kasance da ranar farawa da ranar ƙarewa. Wanda ya fi cutar ma'aikata shi ne na ukun nan: a ce na wata shida ne, ginin ya ƙare ko ya tsaya a linta, yankan kuma ya shekara huɗu yana tafiya, don babu wanda ya rubuta wa ofishin albashi cewa a tsayar.

Sai ka tambayi abu biyu: kashi nawa ake yanka, kuma a kan me? Kashi a kan tsurar albashi ba ɗaya yake da kashi a kan albashi haɗe da alawus ba. A ƙaddara kashi 2 ne a kan naira 70,000, ka ga naira 1,400 ke nan a wata, 16,800 a shekara. A ƙaddara kashi 3 ne a kan naira 150,000, naira 4,500 a wata, 54,000 a shekara. Ga mai iyali a wannan zamani, ba za mu ce masa wannan ba kuɗi ba ne. Masu cewa "ai ɗan abu kaɗan ne" yawanci ba su ne ke auna masara da kwano ba.

To me kuɗin ke saya?

Manyan nasarori, gaskiya, kowa ke ci, ɗan ƙungiya da wanda ya fita. Mafi ƙarancin albashi ya tashi zuwa naira 18,000 a 2011, zuwa 30,000 a 2019, zuwa 70,000 a watan Yulin 2024, kuma na ƙarshen nan sai da aka yi yajin aikin 3 ga Yuni 2024, wanda aka kashe wutar ƙasa aka rufe filayen jiragen sama. Dokar 2024 ta rage wa'adin sake duba albashin daga shekara biyar zuwa uku. Dokar 2022 ta ɗaga shekarun ritayar malaman makaranta zuwa 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki, abin da NUT ta daɗe tana nema. Asusun harajin ilimi na 1993, wanda ya rikiɗe ya zama TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, a 2011, daga yarjejeniyar ASUU da gwamnati ta 1992 ya samo asali. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da aka ce sai mai katin ƙungiya. Wanda ya fita zai karɓi sabon albashi rana ɗaya da wanda ya kwana a ƙofar sakatariya. 'Yan ƙungiya na kiran wannan cin bulus, kuma a nan mu biyun muka saɓa: ɗaya na ganin rashin kunya ne, ɗaya na ganin doka ce ta ba shi, ba sata ya yi ba. Abin da muka haɗu a kai shi ne lissafin bai tsayawa idan kowa ya bi wannan hanya. Kuma a jiha abin ya fi fitowa fili, domin sa hannun shugaban ƙasa a Abuja ba shi ke sa kuɗi a aljihun malamin firamare a ƙaramar hukuma ba. Sai an zauna da gwamnatin jiha a kan jadawalin ƙarin da zai shafi kowane mataki, kuma ƙarfin wanda ya zauna a teburin daga yawan mutanen da ke bayansa yake.

Abin da ɗan ƙungiya kaɗai ke samu ƙanana ne a ido, amma su ne ke tashi da mutum ko su kayar da shi. Babba a cikinsu ita ce ranar da takardar tuhuma ta sauka a teburinka. Takardar takan ba da wa'adi gajere, sau da yawa awa 48 ko 72. Ma'aikaci shi kaɗai yakan yi ɗaya cikin kuskure uku. Ko ya yi fushi ya ƙi amsawa, alhali ƙin amsawar kansa laifi ne sabo. Ko ya cika shafi uku da ban haƙuri, ya amsa laifin da ba a ma tuhume shi da shi ba. Ko ya amsa daidai amma ya miƙa wa masinja ba tare da an buga masa hatimin karɓa a kwafinsa ba, bayan wata biyu a ce ba a ga amsarsa a fayil ba. Sakataren reshe da ya san aikinsa zai zaunar da kai, ya buɗe Dokokin Aikin Gwamnati ya nuna maka sashen da aka ambata, ya ga ko laifin da aka rubuta ya dace da sashen, ya sa ka amsa abin da aka tambaya kaɗai, ka haɗa da shaida: takardar asibiti, izinin tafiya, rajistar sa hannu. Idan magana ta kai gaban kwamitin ladabtarwa, reshe zai bi sawu, zai rubuta wa shugaban ma'aikata, in ta kama a kai ga Kotun Ma'aikata. Tun gyaran tsarin mulki na 2010 wannan kotu ce ke da hurumin shari'ar aiki da ƙwadago, kuma kuɗin lauya na shari'a guda zai iya cinye abin da ka tara na kuɗin ƙungiyar shekaru da yawa.

Haka sunan da ya ɓace bayan tantance ma'aikata. Mutum ɗaya zai yi wata huɗu yana zarya tsakanin ma'aikatarsa da ofishin akanta janar, kowa na tura shi gaba. Reshe kuwa zai tattara sunaye talatin a takarda ɗaya, da lambar fayil da ranar kama aiki da watan da albashi ya tsaya, ya kai wa wanda ke da ikon sa hannu. Ariyas ɗin ƙarin girma, canjin wurin aiki na ramuwar gayya, haƙƙin mamaci da iyalinsa ba su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba, duk ta wannan hanya suke tafiya da sauri. Sabon ma'aikaci da bai cika shekara biyun gwaji ba, ba a kuma tabbatar da shi ba, shi ya fi kowa buƙatar wannan inuwa, shi ne kuma ya fi yawan tunanin fita don albashinsa ne mafi ƙanƙanta.

Kada kuma a ruɗe ka cewa katin ƙungiya laya ce. A Kaduna a 2017, malaman firamare 21,780 suka faɗi jarabawar gwaji da gwamnatin jihar ta shirya, aka sallame su. NUT ta shiga yajin aiki a watan Janairun 2018, ta janye, sallamar ba ta tashi ba. A 2022 aka sake sallamar wasu 2,357, cikinsu har da shugaban NUT na ƙasa. Idan gwamnati ta ƙudiri abu kuma ta shirya jure surutu, ƙungiya na iya rage zafi, ba lallai ta hana ba.

Yajin aiki shi ma yana da farashinsa, kuma gara ka sani tun yanzu. Sashe na 43 na Dokar Rikicin Ƙwadago ya ce wanda ya shiga yajin aiki ba shi da haƙƙin albashin kwanakin, kuma kwanakin ba sa shiga lissafin shekarun aikinsa. An saba yafe wannan a yarjejeniyar janye yaji, shi ya sa mutane suka manta da shi, har 2022 ta tuna musu. ASUU ta yi yaji daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas, gwamnatin tarayya ta riƙe albashin, kotu ta ce tana da ikon yin haka, sai a farkon 2024 aka biya na wata huɗu. Wanda ya ga yadda malaman jami'a suka sayar da motoci da filaye a 2022 ba zai ɗauki kalmar "yaji" da wasa ba.

Sai dai fita daga ƙungiya ba ta tsame ka daga wannan yadda kake zato. A doka, gyaran 2005 ya hana ƙungiya tilasta wa wanda ba ɗanta ba shiga yaji, ya hana toshe hanya ko ƙofar ma'aikata, ya kuma ce sai mafi rinjayen 'yan ƙungiya sun kaɗa ƙuri'ar amincewa kafin a tafi yaji. A zahiri, ranar yaji ƙofa a garƙame take, mai gadi da mai riƙe da makulli 'yan ƙungiya ne, kai kaɗai ba ka iya buɗe asibiti ko makaranta. Idan aka zo riƙe albashi kuma, yawanci da sunan ma'aikata ake tsayarwa, ba mutum-mutum ba. Shugabannin CONUA sun daɗe suna kokawa cewa an riƙe albashin 'ya'yansu duk da sun ce ba su shiga yajin 2022 ba. Wanda ba ɗan ƙungiya ba kuma yana son a biya shi, sai ya tanadi hujja tun ranar farko: ya rubuta wa shugaban sashensa cewa yana nan a shirye ya yi aiki, a buga masa hatimi, ya riƙa sa hannu a duk rajistar da aka buɗe. Ya kuma shirya zama da abokan aikin da za su daina gaishe shi. Wannan ba ya cikin kowace doka, amma a garin da abokin aikinka ne maƙwabcinka, kuma shi zai zo sunan ɗanka, yana da nauyi.

Shi ya sa muke cewa kada ka auna uwar ƙungiya da kake gani a talabijin, auna reshenka. Yaushe aka yi taron reshe na ƙarshe, an rubuta abin da aka tattauna? Yaushe aka yi zaɓe, wa'adin shugabannin ya wuce ko bai wuce ba? An taɓa karanta rahoton kuɗi a gaban 'yan ƙungiya? Doka ta wajabta wa kowace ƙungiya mai rajista ta miƙa wa magatakardan ƙungiyoyin ƙwadago a Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya rahoton kuɗinta da aka bincika duk shekara, don haka neman ganin lissafi ba rashin ladabi ba ne. Nawa ke zama a reshe cikin abin da ake yanka, nawa ke tafiya jiha, nawa ke tafiya hedikwata? Reshe da yawa ba lalaci ya kashe su ba, kuɗin ne ke wucewa sama kai tsaye daga ofishin albashi, kason reshe ya dawo a makare ko kada ya dawo. Sannan ka tambayi wanda ya taɓa shiga matsala a ofishinku, ba shugaba ba: da ka kira su, sun zo? Amsarsa ta fi duk jawabin ranar ma'aikata. Idan shugaban reshe ya fi zama a ofishin darakta fiye da wurin mutanensa, kuma duk shekara sunansa na cikin masu tafiya kwas, ka gane inda aka dosa.

Ra'ayinmu, tunda an tambaye mu: ƙaramin ma'aikaci da malamin firamare da ma'aikacin ƙaramar hukuma su zauna, ko reshen ya yi rauni, don su ne albashinsu ya fi saurin tangarɗa kuma ba su da kuɗin lauya. Amma zama na zuwa taro da tambaya da kaɗa ƙuri'a, tunda wanda ya fita ya bar wa kwamared ɗin da yake kuka da shi fili. Babban ma'aikacin da ya kai matakin da shi ke sa hannu a takardar tuhumar wasu, matsayinsa dabam ne, domin ba a zama a ɓangare biyu na teburi ɗaya.

Wanda ya auna ya ga fita ce ta fi masa, ga yadda ake yi don kada a yi aikin baban giwa. Ka fara biyan duk bashin da ka ci ta hannun ƙungiya, na babur ne ko na fili ko na kayan azumi, ka karɓi takardar shaidar kammalawa, in ba haka ba za a ci gaba da yanka kuma ba ka da bakin magana. Ka tambaya a rubuce ko fita daga ƙungiya na shafar zamanka a kofaretib da asusun walwala, don a wasu wurare sharaɗin shiga ɗaya ne, kuma abin da ka zuba na kuɗin wata ba a mayarwa. Sannan ka rubuta wasiƙa gajera da sunanka kai kaɗai: cikakken suna, lambar fayil, lambar albashi, mataki, sunan ƙungiyar, da jimla ɗaya cewa ka janye daga zama ɗan ƙungiya kuma a daina yankan kuɗinta daga wata kaza. Ba sai ka faɗi dalili ba, kuma kada ka zagi kowa a ciki, fayil ba ya mantuwa. Takardar taron dangi mai sa hannun mutum arba'in ita ce mafi saurin rushewa, domin fita haƙƙin mutum ɗaya ne, kuma ƙungiya za ta ce shugabannin ma'aikata ne suka tara mutane suka tursasa su.

Wasiƙar ga mai biyanka albashi za ta tafi, ta hannun shugaban sashenka, a ba sakataren reshe kwafi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kai wa ƙungiya kaɗai. Ƙungiya ba ta da maɓallin tsayar da yanka, kuma ba ta da dalilin gaggawar nemansa. Malamin firamare zai bi ta ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma zuwa hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. Ma'aikacin tarayya da ke kan IPPIS, tsarin biyan albashi na gwamnatin tarayya, zai bi ta jami'in da ke kula da tsarin a ma'aikatarsa. Ka yi kwafi uku, kowanne a buga masa hatimi da kwanan wata. Ka miƙa a farkon wata, domin ana rufe shigar da canje-canjen albashi tun kafin ƙarshen wata, abin da ya zo bayan an rufe sai wata mai zuwa. Ka duba takardar albashi ta wata biyu masu zuwa. Idan yankan bai tsaya ba, ka rubuta tunatarwa ka liƙa kwafin ta farko, ka nemi a mayar maka da abin da aka yanka daga ranar da aka buga hatimi. Komawa ƙungiya daga baya ma da wasiƙa ce, amma kada ka jira sai takardar tuhuma na hannunka, reshe da yawa ba sa ɗaukar shari'ar da ta girmi katin mai ita.

Akwai wata tangarɗa da ke samun ko wanda bai taɓa tunanin fita ba. Ranar da aka ɗaga ka daga mataki na 06 zuwa 07, ka bar hurumin ƙungiyar ƙananan ma'aikata ka shiga na manya. Jami'in albashi yakan ƙara sabuwar lamba ya manta bai cire tsohuwar ba, sai a riƙa yanka maka sau biyu, ƙarin albashin kuma ya rufe ɓarnar har ba ka lura. Haka wanda aka canza wa layin aiki, ko aka mayar daga ƙaramar hukuma zuwa jiha. Takardar albashin watan farko bayan ƙarin girma, ka ɗora ta kusa da ta watan da ya gabata, ka bi layin yanke-yanke ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Idan ka ga sunan ƙungiya biyu, wasiƙar gyara ta tafi a makon nan, domin kuɗin da ya riga ya shiga asusun ƙungiya dawo da shi na ɗaukar watanni, kuma sai ka gabatar da takardar albashin kowane wata da aka yi yankan.